Taragon da Aka Liƙe wa Ƙofa da Gam

Dutsen farko ya faɗo kan kwano ranar wata Litinin, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, gidan ya yi irin shirun da yake yi idan an gama wanke-wanke ba a kai ga kunna fitila ba. Injiniya yana ɗakinsa na baya, tabarau biyu a kan hancinsa, ɗaya bisa ɗaya, yana hure ƙura daga rufin wani ɗan tarago da bai wuce tsawon tafin hannunsa ba. Ya ji ƙarar, ya ja tsaki, ya ce 'ya'yan maƙwabta ne. Ko kai bai ɗaga ba.

Shi fa ba injiniya ba ne. Mutanen unguwa ne suka laƙaba masa don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Aikin da ya yi shekara talatin da biyu a tashar jirgin ƙasa shi ne bin ƙafafun taragai da 'yar guduma mai doguwar ƙota, ya buga, ya kasa kunne. Lafiyayyen ƙarfe yakan amsa da dogon amo, wanda ya tsage kuwa amsarsa a dakushe take. Da ya yi ritaya sai taragan suka biyo shi gida, ƙanana, a cikin kwali, ta gidan waya. Sassan roba ne birjik, wasu ba su fi ƙwayar gero ba. Ya yanko su da reza, ya goge bakinsu da sanfefa, ya ɗauka da hantsaki, ya ɗiga gam da bakin allura. A haka ɗakin baya, wanda aka gina don Auta, ya koma tasha: dogon tebur, layin dogo ya kewaye shi, taragai arba'in da ɗaya a jere. Auta kuwa a falo take kwana, bayan labule, shekara shida ke nan.

Auta ita ce 'yarsa ta ƙarshe, shekararta ashirin, tana ajin ƙarshe a makarantar koyon jinya. Akwai kuma wani abu game da ita da ba a faɗa a gidan da ƙarfi. Hannun Injiniya ya daɗe da soma rawa. Yana iya haɗawa, yana iya fesa fenti, amma rubuta lambar tarago da buroshi mai gashi uku ya fi ƙarfinsa. Auta ce take rubutawa. Ta dawo daga asibiti a gajiye, ƙafafunta a kumbure, ya ce, “Auta, zo ki ɗan ja mini wannan, minti biyar.” Ta zauna awa guda tana riƙe numfashi. Idan ƙungiyarsu ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa ta yi baje kolinta na shekara, tsofaffi su sunkuya su ce, “Kai, Injiniya, wannan hannu naka!” Shi kuma ya yi murmushi ya shafa gemu, bai taɓa cewa hannun Auta ne ba.

Wannan taragon na arba'in da biyu ya fi sauran shiga ransa. Wata bakwai ya yi a kansa. Akwai na gaske irinsa a can ƙarshen tsohon filin tasha, an yasar da shi tun Injiniya yana saurayi, ciyawa ta cinye ƙafafunsa, a inuwarsa ma yake fakewa idan rana ta yi zafi. Da ya ji masu yankan ƙarfe za su zo su sassare shi, sai ya tafi da gwangwani da cokali, ya kankaro tsatsa daga bakin ƙofarsa. Ya dawo ya tankaɗe ta da rariyar matarsa, ya kwaɓa da tina, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, ya shafa wa ɗan taragon a inda ruwan sama yake zubowa a jikin na gasken. Ya sa Auta ta rubuta ainihin lambar: 7316. Ƙofar kuwa, ko da yake an yi ta ta riƙa zamewa, ya liƙe ta da gam kam. Kowa a ƙungiyarsu haka yake yi, don ƙofa mai motsi takan bar ɗan gibi, masu dubawa kuma idonsu kan gibi yake faɗawa. Ranar Lahadi ya liƙe ta, saura kwana goma sha uku baje koli.

Ranar Talata duwatsu huɗu suka faɗo, a daidai lokacin jiya. Maman Auta ta fito daga kicin da ludayi a hannu tana masifa, ta leƙa lungu, ba kowa. Injiniya ya sunkuya ya ɗauki ɗaya a tsakar gida. Dutse ne mai toka-toka, mai kaifin baki, yana warin baƙin mai. Wanda ya yi shekara talatin da biyu yana taka irinsa ba ya buƙatar a gaya masa cewa tsakuwar layin dogo ce, kuma layi mafi kusa da gidan tafiyar awa guda ce a ƙafa. Ya jefa shi aljihu.

“Mene ne, Baban Auta?”

“Dutse ne, me kike so ya zama?”

Ya kai shi ɗakin baya ya sa a aljihun tebur. Wallahi har ya yi tunanin idan aka daka shi zai yi kyau a gefen ɗan layinsa.

Ranar Laraba duwatsun suka daina faɗowa a kan kwano, suka koma faɗowa a cikin ɗakin baya, taga a rufe, silin ba huji. Suna sauka a hankali kamar ana ajiye su, suna kewaye taragon, babu wanda ya taɓa shi. Sannan aka soma bugu. Ƙwan. A yi shiru. Ƙwan. Bugun guduma ne a kan ƙarfe, kuma amon a dakushe yake. Injiniya ya ajiye abin da ke hannunsa ya kasa kunne. Daga can ƙasa, kusa da tebur, wata murya ta tsoho mai kaushi ta ce, “Buɗe.” Sau ɗaya ta faɗa. Ya tashi ya lulluɓe taragon da auduga, ya sa a kwali, ya fito ya ci abincinsa bai gaya wa kowa ba.

Ranar Alhamis Auta ta dawo daga asibiti ba ta yi sallama ba. Ta wuce uwarta kamar ba ta gan ta ba, ta tsaya gaban bangon falo da fararen kayanta, ta zare ƙusar da ake rataye kalanda. Ta soma karce bangon. Bakwai, uku, ɗaya, shida. Ƙanana, a jere, masu kyau kamar bugun inji. Ta gama layi ta koma wani. Da ƙusar ta lanƙwashe ta yar, ta ci gaba da farcenta, da farcen ya ƙare ta ci gaba da naman yatsunta. Uwarta ta rungume ta ta baya tana salati, aka yi jifa da ita har bakin ƙofa. Sai da duhu ya rufa sosai hannun ya saki, yarinyar ta zube ƙasa, bangon duk jini.

Aka kai ta asibitin da take koyon aiki. Aka auna abin da ake aunawa, ba a ga komai ba. Da safe lafiyarta ƙalau, sai dai kuka da tambayar me ya sami hannunta. Da rana ta yi ja kuwa sai abin ya dawo, ko a gadon asibiti, ko a gida. Likitan da yake koyar da ita ya naɗe yatsun da bandeji, ya ja Injiniya gefe ya ce in ta ƙara kwana biyar tana haka, yatsu biyu ba za su sake lanƙwasuwa ba, kuma ba a ba mai irin wannan hannu allura ta yi wa mutane. Daga ranar, kullum kafin magariba sai uwar ta ɗaure hannun 'yarta na dama a ƙafar gado da ɗankwalinta, tana ɗaurewa tana kuka. Hannun ya yi ta fizga har ɗankwalin ya yanke mata fata.

“Baban Auta, ka san lambar nan,” in ji matar, ranar Lahadi, a bakin ƙofar ɗakin baya. “Na gan ta a jikin abin wasanka.”

“Ba abin wasa ba ne.”

“To ko mene ne. Ka fitar mana da shi daga gidan nan.”

“Ke roba ce fa da fenti. Roba ce za ta kama mutum? Yarinya karatu ne ya yi mata yawa.”

Ta ce, “Kunnenka da yake jin tsagewar ƙarfe, 'yarka tana tsagewa a falo bai ji ba.” Ta juya ta tafi ta kira yayanta a waya.

Ba wai Injiniya ba ya son 'yarsa ba ne. Yana jin fizgar hannun nan har cikin ƙashinsa, ya yi kuka a bayi inda ba mai gani. Amma kullum yana gaya wa kansa gobe za ta warware, kuma kullum da safe yana buɗe kwalin ya duba ko auduga ta goge tsatsar.

Ranar Laraba da la'asar yayan matar ya zo da Malam, wani siririn dattijo mai ƙaramar murya, wanda ya daɗe yana irin wannan aiki. Bai tambayi komai ba. Ya dubi bangon, ya dubi hannun da ke ɗaure, ya zauna a tabarma ya jira rana ta sunkuya. Da inuwa ta cika falon, hannun ya soma fizga, sai ya matso kusa da kan Auta ya fara karatu a hankali, ba ɗaga murya, ba gaggawa. Ya daɗe yana yi. Ƙwan, aka buga a ɗakin baya. Auta ta buɗe ido, idon ba nata ba ne.

“Ya isa, Malam, kana ƙona ni.” Muryar tsohon nan ce mai kaushi, daga bakin yarinya.

“Wane ne kai, me kake nema a jikin baiwar Allah?”

“Gidana nake nema. Shekara arba'in da wani abu ina cikin taragon nan a ƙarshen fili, ban taɓa kowa ba. Tambayi wancan, sau nawa ya yi barci a inuwata? Na taɓa shi? Aka zo da wuta aka yanka mini gida gunduwa-gunduwa. Na bi warin tsatsata, na zo na tarar an gina mini shi sabo, da lambata, da komai. Na yi murna, Malam. Sai na tarar an liƙe ƙofa.”

“Ba za ka iya shiga ta wani wuri ba?”

“Ni ba ɓarawo ba ne. Ta ƙofa nake shiga gidana. Na yi jifa, na ƙwanƙwasa, na roƙa da bakina. Ya sa ni a kwali. To hannun da ya rubuta lambar gidana shi ne abin da ya rage a buɗe, na shige shi.”

Yayan matar ya juyo ya dubi Injiniya. “Ita ce take rubutawa?” Injiniya ya sunkuyar da kai.

Malam ya ce, “Zalunci ne ka kama wadda ba ta yi maka komai ba, ka sani. Za ka fita, ko da daɗi ko ba daɗi. In na ci gaba da karatu ka san ƙarshenta.”

“Na sani. Amma kafin ka gama da ni na gama da yatsun. Ga mai sauƙi: a buɗe mini ƙofa, a kai gidana inda na farko ya tsaya, a ajiye shi a kan ƙarfe, a juya baya. Yau, kafin duhu. Na yi alkawari da wanda ya halicce ni da ku, ba zan sake waiwayar gidan nan ba.”

Malam ya juyo. “Ka ji, Baban yarinya. Ɗauko.”

Injiniya ya tafi ya ɗauko kwalin, ya buɗe, ya yaye audugar. Hasken da ya rage a taga ya faɗa kan taragon, tsatsar ta yi ja kamar yadda take yi a fili idan an ɗauke ruwa. Ya san gam ɗin nan. Ya riga ya narkar da robar ya haɗe ta, ƙofar ba za ta buɗu ba sai an yage gefen taragon gaba ɗaya. Ya tsaya da shi a hannu, kowa yana jiransa.

“Malam,” ya ce, “akwai wasu arba'in da ɗaya. Akwai ma wanda ya fi wannan girma, ƙofarsa tana buɗewa. Ya zaɓa.”

“Gidana,” in ji muryar.

Da nan ya tsaya ma da sauƙi. Amma bakin mutum, idan abin da ke zuciya ya taso, ba ya jiran hankali. Injiniya ya lashi leɓe, ya yi ƙasa da murya kamar mai neman alfarma a ofis.

“Ba zai iya haƙuri zuwa Asabar ba? Kwana uku ne kawai. Ana tashi daga baje kolin ni da kaina zan kai masa.”

Malam ya rufe ido. Sai muryar ta yi dariya, wata busasshiyar dariya mara daɗi, har kafaɗun yarinyar suna girgiza.

“Ni zan iya haƙuri, ai na saba. Amma bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, mai guduma. 'Yarka ba barci take yi ba. Tana nan ciki, idonta biyu, duk abin da aka faɗa a ɗakin nan tana ji.”

Maman Auta ta miƙe, ta fizge taragon daga hannun mijinta, ta shiga kicin ta ɗauko wuƙar yanka albasa. Ta sa bakin wuƙar a gefen ƙofar ta murɗa. Robar ta yi ƙara ta tsage, rabin gefen ya ɓalle ya faɗi ƙasa, ƙafa ɗaya ta gangara ƙarƙashin kujera. Injiniya ya ji wani sauti ya fita daga maƙogwaronsa, kowa kuma ya ji shi.

Auta ta yi atishawa sau uku, hannun da ke ɗaure ya saki ya kwanta. Taragon da ke hannun uwar ya yi nauyi farat ɗaya, har sai da ta tallafe shi da hannu biyu.

Su uku suka tafi a motar yayan, Malam da yayan da Injiniya, uwar ta zauna da 'yarta. Ƙarshen filin ba komai sai ciyawa da wani dogon fegi da ba ta tsiro ba, daidai girman tarago, da guntun layi da masu yanka suka bari. Malam ya ajiye abin a kan ƙarfen. Babu iska ko kaɗan, amma ɗan taragon ya gangara kamar taƙi ɗaya a kan ƙafafunsa uku, ya tsaya. Malam ya ce su juya kada wanda ya waiwaya. Injiniya ya waiwaya, ya ƙara kallon taragonsa.

Daga ranar ba a sake jifa ba, ba a sake bugu ba. Aljanin ya cika alkawarinsa.

Auta ta kwana ta yini tana barci. Likita ya duba yatsun ya ce za su warke, sai dai ɗan manunin zai ɗan kafe. Tana magana da uwarta, tana magana da kawunta. Idan ubanta ya shigo falo ya ce, “Auta, ya jiki?” ta ce, “Da sauƙi, Baba,” idonta a kan bango. Ya sayo farin fenti ya shafe lambobin, amma karcen ya yi zurfi, ana ganinsa ta ƙarƙashi. Ya yi ta shirya maganar da zai gaya mata, ya ce ruɗewa ce, ya ce bai san abin da ya fito daga bakinsa ba. Bai sami inda zai sa ta ba, don shi kansa ya san ya sani.

Ranar Asabar da hantsi yana zaune a ɗakin baya, bai je ko'ina ba, ta turo ƙofa. Jakarta tana rataye a kafaɗa, kawunta yana jira a mota. Za ta koma gidansa har ta gama jarrabawa, daga nan kuma ta nemi aiki a wani gari. Ta ajiye ɗan buroshin nan mai gashi uku a kan tebur, a wanke, an naɗe shi a takarda.

“Auta, zauna mana. Ɗakin nan ma na yanke shawara zan kwashe, ki dawo cikinsa. Tun asali ai naki ne.”

“Ka bar shi, Baba, kada taragan su yi ƙura.”

“Abin da kika ji ranar nan…”

“Na ji.” Ta ɗaga hannun mai bandeji ta dube shi, sannan ta dubi ubanta, karo na farko tun ranar Laraba. Babu fushi a fuskarta, shi ne abin da ya fi ci masa rai. “Yau ce Asabar ɗin, Baba. Da har yanzu ina ɗaure a ƙafar gado.”

Ta yi masa sallama yadda ya kamata, har da rusunawa, ta fita. Ya ji uwar ta raka ta, ya ji an rufe ƙofar mota.

Da yamma ya jawo wani tarago da ya daɗe da gama fentinsa, saura lamba. Ya warware buroshin, ya tsoma a farin fenti, ya riƙe numfashi kamar yadda ya ga tana yi. Hannun ya yi rawa, fentin ya ɗiga ya malale a gefen taragon. Ya goge da tina, ya sake, ya sake ɗiga. Rana ta yi ja a taga, matarsa tana kicin ba ta kira shi cin abinci ba. Ya ajiye buroshin ya kasa kunne, da kunnen nan nasa da bai taɓa kuskure amon ƙarfe ba, ko zai ji motsi a falo bayan labule. Ya daɗe yana saurare, har ɗakin ya yi duhu.